Jarka tana hannun mai garuwa, na ruga neman ƙwai

Ni malamar firamare ce a cikin garin Kano. Shekarata 14 ina riƙe da alli, kuma cikin darussan da nake ɗauka har da na kiwon lafiya. Na fara da faɗin haka ne don kada wani ya karanta labarin nan ya ce ai rashin boko ne ya ja mata. Ina da takardar NCE, ina karanta Turanci, ni ce ma wadda matan layinmu suke kawo wa takardar magani in duba musu. Abin da ya same ni, da wayata a hannu ya same ni.

Kamar wata biyu kafin abin ya faru, wata 'yar uwata ta turo wani bidiyo a zauren WhatsApp na matan danginmu. Bai cika minti biyu ba. Wani mutum ne sanye da farar riga irin ta likitoci, ya rataya abin awon ƙirji a wuya, bayansa kanta shaƙe da kwalabe. Hausarsa tar, muryarsa a natse. Ya ce duk wanda ya ƙone, abu na farko kada a kuskura a sa masa ruwa, domin ruwa ne ke sa ƙuna ta yi bororo ta saluɓe. A fasa ɗanyen ƙwai a shafa farin, a bar shi ya sha iska, sannan a bi da makilin. Ya nuna hoton wani hannu jajir, ya sake nuna wani hannun sumul, ya ce kwana uku ne tsakaninsu. A ƙarshe ya ce a tura wa 'yan uwa, sadaka ce mai gudana. Daga TikTok aka kwaso shi, tambarin yana yawo a gefe. Na kalla sau biyu, na ce Allah Ya saka masa da alheri, na tura.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa na yarda nan take. Amsar da na samu ba ta yi mini daɗi ba. Tun muna yara muke jin manya suna cewa ba a sa wa ƙuna ruwa. A gidanmu manja ake shafawa, wasu gishiri, wasu a kai yaro gidan maƙera a yi masa tofi, a liƙa gashin zomo. Da na yi karatu sai na riƙa yi wa waɗannan kallon abin da, har ina yi wa surukata dariya a ɓoye. Amma da zancen nan dai na kakanni ya sako farar riga ya shigo ta waya, sai na karɓe shi hannu bibbiyu, ina ganin kimiyya ce. Mutumin bai koya mini sabon abu ba. Abin da ke kwance a zuciyata ya taɓo.

Ranar wata Talata ce a watan Janairu, hunturu ya kankama, irin sanyin da ke fasa leɓe. Babu wutar lantarki, don haka a kan gawayi na tafasa ruwan wankan yara. Na juye a bokiti a tsakar gida, ban kai ga surkawa ba sai na ji sallamar mai garuwa. Wani dattijo ne mutumin Nijar da ya shekara biyar yana kawo mana ruwa, Baba muke ce masa. Na tafi zare sakatar ƙofa. Taku nawa ne daga bokitin zuwa zaure? Bai fi goma ba. Autata, 'yar shekara uku, tana sanye da rigar sanyi mai kauri, ta zo ta kama bakin bokitin.

Ihun da ta yi har yau yana kunnena. Ruwan ya kwaro mata daga kafaɗar dama, ya bi damtse da gefen ƙirji. Baba yana bayana da jarka a hannu, ya riga ni isa wurinta. Ya fara kwance murfin jarkar yana cewa, "Malama, ruwa! A zuba mata ruwa!"

Na tare hannunsa. Wallahi na tare hannunsa. Na ce, "Baba kada ka zuba, likita ya hana!"

Ya tsaya sororo da jarka mai lita 25, kurarsa kuma tana ƙofar gida cike da wasu. Randarmu ma ga ta nan a gindin bango. Ni kuwa na ruga kicin neman ƙwai, ban samu ba, na tura babban ɗana shagon bakin layi. Duk wannan lokacin rigar sanyin tana jikinta, ta sha tafasasshen ruwa ta riƙe shi kamar soso. Sai da yaron ya dawo na tuna da cire ta. Na shafa farin ƙwai uku, na matse makilin kusan rabin kwali. Kukan ya ɗan lafa, na ce alhamdulillahi, magani ya kama.

Da Abbansu ya dawo daga masallaci ya ce mu tafi asibiti. Ni na hana. Na nuna masa bidiyon, ya kalla, ya yi shiru, ya ce to ke kika fi sani. Da rana muka kai ta kemis, mai kemis ya bi ta kan makilin ɗin da shuɗin maganin nan da ake ce wa jibi, ya ba mu farasitamol. Da yamma Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta iso da gashin zomo ƙunshe a leda. Na ce, "Hajiya ki yi haƙuri, yanzu an ci gaba, akwai abin da likitoci suka ce a yi." Ta dube ni, ta dubi yarinyar da ta koma fari da shuɗi kamar an yi mata fenti, ta mayar da ƙunshinta jaka ba ta ce uffan ba.

Kwana biyu muka yi a haka. Daren na biyu zazzaɓi ya rufe ta, ta ƙi nono ta ƙi koko, fitsarinta ya ragu, wurin kuma ya fara wari. Da asuba Abbansu bai nemi shawarata ba, ya tare Adaidaita Sahu.

A ɗakin gaggawa wata nas babba ce ta karɓe mu, Sista ake kiranta. Ta ɗaga zanen da na rufe yarinyar ta ce, "Maman yarinya, me kika sa mata?" Na lissafa. Ta ce, "Ruwa fa? Minti nawa kika zuba?" Na ce ban zuba ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta ce kawai, "To sai mun wanke duk wannan kafin likita ya ga ciwon."

Wanda bai taɓa ganin ana wanke busasshen makilin da ƙwai daga kan ɗanyar ƙuna ba, ina roƙa masa Allah kada ya gani. An ba ta maganin kashe zafi, amma duk da haka mutum biyu ne suka riƙe ta, ni ce ta uku. Abin ya bushe ya manne da fata, sai an jiƙa an goge a hankali, yana fita da abin da ke ƙarƙashinsa. Tana kallona tana kiran Umma, Umma, ni kuma ni na danne mata ƙafa. A nan na gane cewa duk abin da na shafa da hannuna, sai an kankare shi daga jikinta.

Likitan da ya duba ta matashi ne, da ƙyar in ya girmi ƙanena. Ya ɗauki tafin hannunta ya ce mini da shi suke awo: tafin hannun wanda ya ƙone, haɗe da yatsu, kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari na fatar jikinsa. Nata ya kai tafi goma sha ɗaya. Ya ce yaro in ya kai kashi 10 sai an yi masa ƙarin ruwa, domin ƙuna tana tsotse ruwan jiki, shi ya sa fitsarin ya ragu. Aka sa mata ruwa, aka yi mata allurar tetanus, aka ba mu gado.

Shi ne ya zaunar da ni washegari ya yi mini bayanin da ya kamata a ce ni nake yi wa ɗalibaina. Ya ce in ka sauke tukunya daga wuta, ai abincin ciki bai daina dahuwa nan take ba. Haka fata take. Zafin yana nan a ciki yana ci gaba da cin nama, kuma ƙuna tana iya ƙara zurfi cikin kwana biyu zuwa uku na farko. Ruwa mai sanyi, ba mai ƙanƙara ba, ana kwarara shi minti 20 cif, shi ne ke zare zafin ya ceci fatar da ke tsakanin rayuwa da mutuwa. Kuma ko an makara, yana amfani har zuwa awa uku bayan ƙunar. Awa uku! Ni da na zauna a gida da randa da jarkoki huɗu har kwana biyu.

Na ce masa to ai da na shafa makilin kukan ya lafa. Ya ce sinadarin da ke sa baki ya ji sanyi ne ya ruɗi fatar, kamar yadda yake ruɗin harshe, amma zafin na ciki bai je ko'ina ba, rufe shi ma aka yi. Ɗanyen ƙwai kuwa yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, ga shi an shafa a inda babu fatar da za ta tare su. Shuɗin maganin kemis ya ɓoye launin ciwon, alhali da launi suke gane zurfinsa. Bororo kuma zafin ne ke kawo shi, ko an sa ruwa ko ba a sa ba, kuma ba a fasa shi a gida. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini wani bincike da aka wallafa a 2020 a kan yara 2,495 da suka ƙone a ƙasar Ostareliya. Waɗanda aka kwarara wa ruwa na minti 20 cikin awa ukun farko sun fi tsira daga dashen fata nesa ba kusa ba. Na tambaye shi kai tsaye, da na bar Baba ya zuba, da ba za ta yi tabo ba? Ya ce shi ba zai rantse ba, ruwan ya tafasa sosai. Amma rigar sanyin da ta zauna a jikinta, da ruwan da ba a zuba ba, ba su taimaka ba. Na gode masa da bai lallashe ni da ƙarya ba.

Mun yi sati biyar a ɗakin nan. In kina jinya a ɗakin 'yan ƙuna, gaisuwar farko bayan ya mai jiki ita ce, ke me kika sa? Ta gadon hagu, ɗanta ya faɗa kaskon tuyar awara, baƙin man inji aka shafa masa. Wata kamu ta dama ta liƙa. Wata tawadar allo. Wata kuma, ma'aikaciyar banki ce ma, fulawa ta barbaɗa wa ɗanta, saboda wani saƙo da ya daɗe yana yawo a duniya wai wani tsohon sojan yaƙin Biyetnam ne ya gano sirrin. Ta nuna mini, an ma mayar da shi bidiyo an ɗora murya. Cikinmu wadda ta fara da ruwa ɗaya ce tak, ita ma ta ce bai fi minti biyu ba uwar mijinta ta daka mata tsawa. Sista ta ce mana Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum 180,000 ne ƙuna ke kashewa duk shekara, mafi yawansu a ƙasashe irin namu, kuma ita a hunturu da lokacin azumi ba ta samun hutu.

Da dare, in Auta ta yi barci, sai in kwanta a tabarma ƙarƙashin gadonta in ta bincike a waya kamar mai neman wanda ya yi mata sata. Na rubuta maganin ƙuna a TikTok, na rubuta a Facebook, na rubuta a YouTube. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gaskiya da ƙarya a jere suke fitowa, girmansu ɗaya, babu alamar da ke raba su. Mai cewa a sa ƙanƙara yana kusa da mai cewa kada a sa. Mai tumatir, mai dankali, mai man shanu, kowa da tabbacinsa. Kuma na ƙaryar sun fi daɗin kallo. Suna da sirri, suna da hoton kafin da bayan, suna da alkawarin kwana uku. Na gaskiyar kuwa me za su nuna? Hannu a ƙarƙashin famfo. Wa zai tura wa 'yar uwarsa bidiyon hannu a ƙarƙashin famfo? Wayar kuma abin da mutane suka fi tsayawa a kai shi take ƙara turo maka. Da na kalli na ƙwai sau biyu, sai ta cika mini fuska da 'yan uwansa.

Ban ce duk na banza ba ne. Na ga na ƙungiyar Red Cross, na ga na wasu likitocinmu da ke magana da Hausa suna faɗin sunansu da inda suke aiki, maganarsu daidai da ta likitan Auta. Sai dai ko a cikin masu kyau, da yawa sukan ce a sa ruwa su wuce, ba su faɗi minti nawa ba, ba su faɗi lokacin da dole a tafi asibiti ba. Na Turawa kuma duk a kicin mai famfo ake ɗaukarsu. Mu da famfon layinmu ya shekara bai ɗiga ba, ina za mu samu ruwa mai gudu na minti 20?

Wannan tambayar na kai wa Sista wata rana tana wankin ciwo. Ta yi dariya ta ce, "Malama, ba ki da buta?" Ta ce a zaunar da yaro, a sa baho a ƙasa, mutum ɗaya yana tsiyaya ruwa da buta ko kofi a hankali, wani yana cika masa. Ruwan randa ma ya fi, sanyinsa daidai ne. In babu, ruwan leda, amma ba wanda ya daskare a firji ba, domin ƙanƙara tana matse hanyoyin jini ta ƙara kashe fatar. A duba agogo, don minti 20 da yaro yana kuka ji za ki yi kamar shekara, in ba ki duba ba a minti uku za ki tsaya. A cire riga da awarwaro da zobe tun kafin wuri ya kumbura, amma abin da ya manne da fata kada a fizge shi. Ta ja kunnena a kan hunturu: ƙunar ake sanyayawa, ba yaron ba, sauran jikinsa a lulluɓe shi, in ya fara karkarwa a dakata. Bayan nan a rufe da ledar nan mai laushi ta rufe abinci ko wankakken ƙyalle marar gashi, ban da auduga. In ƙunar ta fi tafin hannunsa, ko ta taɓa fuska, hannu, ƙafa, gaba ko mahaɗar gaɓa, ko ta yi fari ko baƙi kuma ba ta zafi, asibiti kai tsaye. Ƙaramin yaro kuwa, ta ce, ko kina ganin kaɗan ce ki kawo shi su gani.

Na tambaye ta zuma, don na ga da idona ana sa wa wani yaro a ɗakin. Ta ce zuma tana da wurinta, su ma suna aiki da ita a wasu ciwukan, amma bayan an sanyaya, an wanke, an ga zurfin ciwo. Ba ita ce abin da za ki fara rarumowa ba yaro yana ihu.

Gefen ƙirjin ya warke da kansa. Damtsen ne ya ƙi, sati uku bai rufe ba, likita ya ce wurin ya yi zurfi, in aka bar shi fatar za ta tattare ta riƙe hammata har ta kasa ɗaga hannu. Aka shiga da ita tiyata, aka yanko siririyar fata daga cinyarta aka dasa. Yarinyar da ta shigo da ciwo ɗaya ta koma tana da biyu. Keken ɗinkina ya tafi, 'yan kunnen aurena suka bi shi, aka ba ni kwasar adashin da ba tawa ba ce. Abbansu bai taɓa buɗe baki ya ce ke kika ja ba, ko sau ɗaya. Hajiya ce wata rana, tana ba Auta kunu, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Da nawa da naki duk ɗaya ne ashe. Gara ma ni ban tura wa kowa ba."

Bayan an sallame mu, Baba mai garuwa ya zo duba ta da ledar lemo. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na tambaye shi a ina ya koyi abin da likitoci suka ce. Ya ce shi bai koya a ko'ina ba, wayarsa ma ƙaramar ce mai tocila. "Na ga wuta ta kama yarinya, Malama, ni kuma ban san abin da ke kashe wuta ba in ba ruwa ba."

Yanzu Auta ta shiga aji ɗaya. Tana ɗaga hannun har sama, alhamdulillahi. Kullum da dare ina murza mata man kaɗanya a kan tabon kamar yadda aka koya mini, in yana ƙaiƙayi ta ce Umma sosa mini taswirata, don yayanta ya ce mata ya yi kama da taswirar Najeriya.

Na koma na nemo bidiyon a inda aka fara sa shi. Babu sunan mutumin, babu sunan asibiti, sai lambar waya ta masu son sayen maganin basir da na sanyi. Farar rigar kuwa, na gano, duk mai kuɗinta zai saya a kasuwa. Na kai ƙararsa ta wurin da aka tanada, na rubuta abin da ya same mu a ƙarƙashinsa. Wata ta ba ni amsa da cewa ita ta gwada ya yi mata aiki, wani ya ce ke likita ce? Ranar da na duba na ƙarshe yana nan, masu kallo sun ƙaru.

Sai na buɗe wayata na bi sawun inda ni na tura shi. Wuri tara ne: zaure uku, mutum shida. Na ɗauki hoton damtsen Auta, na yi saƙon murya, na tura kowane zaure, mutum shidan kuma na kira su ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe 'yar gwaggona ce da ke aure a Maraɗi. Ta saurare ni har na gama, ta yi salati, ta yi wa Auta addu'a. Sannan ta yi shiru, ta ce, "Yaya, ai ni tun ranar na tura wa matan Islamiyyarmu gaba ɗaya. Kuma na canza waya, ban san su wa da wa ba ne."